Yadda Gelanci Ya Ja Da Baya A Sikotland

Duk wanda ya taɓa ganin hoton mutumin Sikotland, ƙasar da littattafan Faransanci ke kira Ekos, da wuya bai gan shi ɗaure da ɗan zane mai ratsi-ratsi wanda ya tsaya a gwiwa ba, yana busa algaita mai salka. Wannan tufa da wannan algaita sun zama tambarin ƙasar baki ɗaya, alhali asalinsu kayan mutanen tuddan arewa da tsibiran yamma ne, masu magana da harshen da suke kira Gàidhlig. A wannan darasi za mu kira harshen Gelanci, masu shi kuma Gelawa. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa a cikin mutum kusan miliyan biyar da rabi da ke zaune a Sikotland, 69,701 ne kawai suka ce suna iya magana da shi. An rungumi tufar, an bar harshen. Abin da ya kamata ɗalibin walwalar harshe ya tambaya shi ne: ta wace hanya harshen da sarakunan ƙasa suka yi mulki da shi ya koma na kashi ɗaya da ƴan ɗigo cikin ɗari?

Harsuna uku a ƙasa ɗaya

Sikotland tana arewacin tsibirin Birtaniya, babban birninta Edinbara, birni mafi yawan jama'a kuma Gilasgo. Yanayin ƙasar ya raba ta gida biyu: tuddai da tsibirai a arewa da yamma, gangare mai albarkar noma a kudu da gabas. A nan gaba za mu riƙa cewa Tudu da Gangare. Harsuna uku ne suka yi zaman tare a cikinta. Gelanci na cikin iyalin harsunan Seltik, ɗan'uwa ne na kusa ga harshen Ayalan da na tsibirin Man. Na biyu shi ne wanda ake kira Scots, mu ce Sikotanci, wanda ya fito daga tsohon Ingilishin arewacin Ingila. Na uku Ingilishi ne da kansa. An yi na huɗu, wato Norn, harshen zuriyar mutanen Nowe a tsibiran Orkney da Shetland, amma ya ɓace bayan tsibiran sun koma hannun Sikotland a 1468 da 1469, a hankali Sikotanci ya maye gurbinsa.

Wajen shekara ta 500 akwai daular Gelawa mai suna Dál Riata a gaɓar yamma, tana da ƙafa ɗaya a Ayalan, ɗaya a Sikotland. A 563 malamin kirista Columba ya kafa zawiyarsa a tsibirin Iona, daga nan addini da rubutu suka bazu tare da harshen. Zuwa ƙarni na 9 da na 10 an haɗe Gelawa da wata al'umma da ake kira Pict a ƙarƙashin sarauta ɗaya, aka sami daular Alba, sunan da Gelawa ke kiran ƙasar da shi har gobe. A ƙarni na 11 Gelanci ya kai ƙololuwarsa. Shaidar haka tana cikin sunayen garuruwa: kalmomi kamar baile, gari, da inbhir, bakin kogi, suna nan maƙale a sunayen wurare inda yau babu mai jin harshen ko ɗaya.

Ɗan leƙe cikin harshen

Kafin a ci gaba da tarihi, yana da kyau mai karatu ya ɗan ɗanɗani abin da ake magana a kai, don kada ya zama suna kawai. Gelanci yana fara jimla da aikatau, aikau ya biyo, sannan karɓau. Chunnaic mi an cù, kalma bayan kalma, shi ne "gani ni karen", ma'ana na ga karen. Yana da jinsi biyu, namiji da tamata, kamar Hausa, amma inda Hausa ke nuna jinsi a ƙarshen kalma, shi sau da yawa a baƙin farko yake nuna shi. Babban yaro balach mòr ne, babbar yarinya kuwa caileag mhòr, inda mh ke fita da sautin v. Misalin da ya fi ƙayatarwa shi ne na mallaka: a cù karenta, a chù karensa. Wakilin sunan iri ɗaya ne, sauyin baƙin farko kaɗai ya bambanta mace da namiji. Mu riƙe wannan, domin za mu koma gare shi.

Harshen ba shi da aikatau na mallaka irin avoir na Faransanci. Ana cewa tha cù agam, wato "akwai kare gare ni". Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma "ina da kare" ko "kare gare ni" yake cewa. Haka nan babu kalmar i ko a'a: ana maimaita aikatau ɗin tambayar ne, a tabbatar da shi ko a kore shi. Sunayen nan da suka cika duniya masu farawa da Mac kuwa, mac na nufin ɗa, don haka MacDonald daidai yake da ɗan Donald a tsarin sunayenmu. Mace ana sa mata Nic, wato ƴar wane.

Musayar suna

Juyin ya faro ne daga fada. Wajen 1070 sarki Malcolm na III ya auri Margaret, gimbiya daga gidan sarautar Ingila. Ɗansu David na I, wanda ya yi sarauta daga 1124 zuwa 1153, ya gayyato manyan mutane masu jin Faransancin Normandi ya ba su filaye, ya kuma kafa garuruwan kasuwa masu izinin sarki. Harshen ciniki a waɗannan garuruwa shi ne na mutanen kudu maso gabas, kakan Sikotanci. Wanda duk ke son ya sayar da fata ko ulu dole ya koye shi. Ba a kafa wata doka ba, kasuwa ce ta yi aikinta, har iyakar Gelanci ta ja ta tsaya a gindin tuddai.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya cancanci dogon nazari. Har zuwa ƙarni na 15, mutanen Gangare suna kiran harshensu Inglis, a rubuce-rubucen Latin kuma Gelanci ne ake kira harshen Sikotawa. Daga ƙarshen wannan ƙarni sai suka fara kiran nasu Scottis, suka koma kiran Gelanci Erse, ma'ana harshen mutanen Ayalan. Da sauyin suna kawai, ɗan gida ya zama baƙo. Harshen bai rasa kalma ko ɗaya ba, amma ya rasa hujjarsa ta zama harshen ƙasa, kuma dokokin farko da suka biyo baya da wannan suna na baƙunci suka ambace shi. A 1493 sarki James na IV, wanda shi ne sarki na ƙarshe da aka san yana jin Gelanci, ya rushe sarautar Tsibirai ta gidan MacDonald, wadda ita ce babbar inuwar mawaƙa, marubuta, masu magani da alƙalan Gelawa.

Sikotanci ma bai daɗe yana cin moriyar nasararsa ba. Lokacin da ƙasar ta karɓi aƙidar Furotesta a 1560, babu fassarar Baibul da Sikotanci a buge, sai aka ɗauki ta Ingilishi. A 1603 James na VI ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa, a 1707 kuma aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Harshen ibada, na fada da na doka duk suka zama Ingilishi. A ƙarni na 18 manyan masana na Edinbara, har da David Hume, sun riƙa tattara kalmomin Sikotanci don su guje musu a rubutunsu. Robert Burns, wanda ya buga diwaninsa na farko a 1786, ya ɗaga darajar harshen a waƙa, amma bai mayar da shi ofis ba. Har yau ana jayayya ko Sikotanci harshe ne ko karin harshe. Yana da nasa tsarin sauti: yana cewa hoose da moose inda Ingilishi ya sauya wasalin, ya kuma riƙe sautin maƙogwaro a nicht, dare, wanda Ingilishi ya zubar. A ganina tarihin da muka bayar ya isa ya nuna cewa amsar tana hannun siyasa fiye da nahawu.

Dangi, ƙasa da tumaki

Zaman Gelawa a Tudu zaman dangi ne. Kalmar clann tana nufin ƴaƴa. Kowane dangi yana da shugaba, a ƙarƙashinsa akwai ƴan'uwansa masu riƙe da yankuna, a ƙasa kuma talakawa masu noma da kiwon shanu. Suna da wata fahimta da suke kira dùthchas: mutanen da kakanninsu suka zauna a wuri suna da haƙƙin zama a cikinsa, shugaba kuwa amana ce a hannunsa. Dokar sarki ba ta san wannan ba. Ita takarda ta sani, takardar kuma sunan shugaba kaɗai ke cikinta.

Gwamnati ta fara da shugabannin. A 1609 aka sa shugabannin tsibirai hannu a kan dokokin Iona, waɗanda suka wajabta wa duk mai shanu sittin ko fiye ya tura babban ɗansa makaranta a Gangare ya koyi Ingilishi, suka kuma hana karɓar mawaƙa masu yawo. A 1616 majalisar sarki ta fito fili ta ce burinta a kawar da harshen. Wannan dabara ta fi takobi tasiri: bayan ƴan tsararraki, shugaban dangi ya zama mutum mai tunani da Ingilishi, mai gida a Edinbara ko Landan, mai bukatar kuɗi fiye da mayaƙa.

Ranar 16 ga Afrilu 1746 aka murƙushe tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a filin Culloden. Aka ƙwace makamai, aka soke ikon shari'a na shugabannin dangi, aka haramta tufar Tudu har zuwa 1782. Sau da yawa ana cewa an haramta harshen ma a lokacin. Wannan kuskure ne, dokar ba ta ambaci harshe ba. Abin da ya fi cutar da shi ya zo ne daga baya, kuma daga hannun masu ƙasa. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa wajen 1860, sun gano cewa tumaki sun fi mutane riba, sai suka shiga tashin ƙauyuka. A gundumar Sutherland, tsakanin 1807 da 1821, an kwashe dubban mutane daga kwaruruka aka zube su a bakin teku, wasu an cinna wa rufin gidajensu wuta. An gurfanar da wakilin masu ƙasa Patrick Sellar a 1816 bisa zargin kisa, kotu ta wanke shi. A 1846 cutar dankali ta kawo yunwa, jirage suka ci gaba da kwasar mutane zuwa Kanada da Ostareliya. A tsibirin Cape Breton na Kanada har yanzu akwai ragowar masu Gelanci.

Ga abin takaici: a 1822, shekara ɗaya bayan ƙarshen tashin Sutherland, sarki George na IV ya ziyarci Edinbara, marubuci Walter Scott ya shirya bikin, sarki da manyan Gangare suka fito cikin tufar Tudu. Daga wannan lokaci ne hoton da muka fara da shi ya kafu.

Talakawan ba su zauna hannu rabbana ba. A 1882 manoman tsibirin Skye suka yi arangama da ƴan sanda kan makiyaya, gwamnati ta kafa kwamitin Napier a 1883 ya zaga yana sauraron koke, a 1886 aka yi dokar da ta hana a kori ƙaramin manomi daga gonarsa muddin yana biyan haya. Ba haɗari ba ne cewa wuraren da wannan doka ta kare su ne inda harshen ya fi daɗewa.

Makaranta

Sha'anin makaranta ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Littafin farko da aka buga da Gelanci ya fito tun 1567, fassarar John Carswell ta littafin addu'o'i. Ƙungiyar yaɗa ilimin kirista da aka kafa a 1709 ta fara da hana harshen a makarantunta, sai ta lura yara suna haddace Ingilishi ba tare da sun fahimci kome ba, ta juya ta buga Sabon Alkawari da Gelanci a 1767. Cikakken Baibul ya kammala a 1801. A farkon ƙarni na 19 makarantun sa-kai sun koyar da dubban mutane karatu da harshensu.

Dokar ilimi ta 1872 ce ta katse wannan. Ta wajabta karatu ga yara daga shekara 5 zuwa 13, abin yabo, amma ba ta ambaci Gelanci ko sau ɗaya ba. Shirun doka ya wadatar. Yaro ya shiga aji ba ya jin kalmar Ingilishi ko ɗaya, a koya masa da Ingilishi, in ya yi harshen uwarsa ya sha bulala. Wanda ya ji labarin symbole daga bakin iyayenmu da suka yi lakkwal a zamanin Faransawa ba ya bukatar a yi masa bayani. An saka wani sakin layi a dokar 1918 da ya ba da damar koyar da harshen, amma a matsayin darasi ɗaya cikin darussa. Illar makaranta ba a cikin aji ta tsaya ba. Yaron da aka daka ya girma ya zama uba, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ɗansa ba zai sha irin wannan wuya ba, sai ya daina yi masa Gelanci a gida.

Alƙaluma sun bi sawu. A 1891 an ƙidaya masu Gelanci 254,415, cikinsu 43,738 ba su jin wani harshe sai shi. A 1971 sun koma 88,892, a 1991 kuma 65,978, a 2011 suka tsaya a 57,375. Yaƙin duniya na farko ya ci samarin tsibirai da yawa, kuma a daren 1 ga Janairu 1919 jirgin Iolaire da ya kwaso masu dawowa daga yaƙi ya nutse dab da tashar Stornoway, mutum sama da 200 suka halaka.

Abin da Nancy Dorian ta gani

Sikotland ta ba ilimin kimiyyar harshe ɗaya daga cikin muhimman bincikensa kan mutuwar harshe. Tun daga farkon shekarun 1960 Ba'amurkiya Nancy Dorian ta zauna da masunta na ƙauyukan Brora, Golspie da Embo a gabashin Sutherland, jikokin waɗanda aka kora zuwa bakin teku. Littafinta Language Death ya fito a 1981. Ta lura cewa ƙyamar da maƙwabta ke yi wa masunta ita ce ta killace su, suna aure a tsakaninsu, harshen ya tsira a cikinsu bayan ya mutu a kewaye. Da sana'ar su ta faɗi, katangar ta rushe, sai harshen ya bi ta.

Ita ce ta fito da rukunin da za mu iya kira masu rabin harshe: mutanen da ke fahimtar kusan duk abin da aka faɗa, sun san gaisuwa da barkwanci da inda ake shiru, amma in suka buɗe baki nahawunsu ya sha bamban da na tsofaffi. Sauyin baƙin farko da muka gani a baya yana rikice musu, jinsin suna yana ɓacewa, hanyoyin jam'i masu yawa suna narkewa su koma ɗaya. Duk da haka ta nuna cewa harshen bai zama fanko ba kafin ya mutu, ya riƙe sarƙaƙiyarsa mai yawa har ƙarshe. Darasin aiki a nan shi ne, tambayar "kana jin harshe kaza?" ba ta auna kome sosai. Mai rabin harshe zai ce i, kuma bai yi ƙarya ba. Duk ɗalibin da zai fita bincike kan ƙananan harsunan ƙasarmu, waɗanda sau da yawa Hausa ce ke matsayin mai rinjaye a kansu, ya kamata ya tafi da wannan a zuciya.

Halin da ake ciki

Daga shekarun 1970 iska ta juya. An kafa kwalejin Sabhal Mòr Ostaig a Skye a 1973. A 1985 aka buɗe azuzuwan farko na koyarwa da Gelanci zalla a Gilasgo da Inverness. Sikotland ta sake samun majalisarta a 1999, majalisar ta yi dokar harshen Gelanci a 2005 wadda ta kafa hukumar Bòrd na Gàidhlig, tashar talabijin ta BBC Alba ta fara aiki a 2008, a 2025 kuma wata sabuwar doka ta ba Gelanci da Sikotanci matsayin harsunan hukuma. Sikotanci, wanda mutum kusan miliyan ɗaya da rabi suka ce suna magana da shi, ya daɗe bai sami ko kusa da irin wannan kulawa ba, wataƙila domin kamarsa da Ingilishi ta sa ana ɗaukarsa gurɓataccen Ingilishi.

Ƙidayar 2022 ta zo da labari mai fuska biyu. Adadin masu magana da Gelanci ya tashi daga 57,375 zuwa 69,701, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Amma a Tsibiran Yamma, cibiyar harshen ta ƙarshe, ya sauka daga kashi 52 zuwa kashi 45 cikin ɗari. Ƙaruwar ta fito ne daga ƴan makaranta da manya masu koyo a birane, raguwar kuma daga ƙauyukan da ake yin harshen a kicin da bakin tasha. Tun a 2020 wani bincike na Jami'ar Tuddai da Tsibirai, ƙarƙashin jagorancin Conchúr Ó Giollagáin, ya ƙiyasta cewa masu amfani da shi yau da kullum a tsibiran ba su wuce kimanin 11,000 ba, galibinsu sun haura shekara 50. Binciken ya tayar da ƙura, domin ya zargi manufofin hukuma da fifita alluna masu harshe biyu da takardun tsare-tsare a kan al'ummar da ke riƙe da harshen. Masu suka kuma suka ce ya rage darajar sababbin masu koyo, waɗanda ba don su ba da adadin bai tashi ba.

Joshua Fishman ya riga ya faɗi a 1991 cewa matakin da kome ya rataya a kansa shi ne miƙa harshe daga iyaye zuwa ƴaƴa a gida da unguwa, kuma makaranta da rediyo ba su maye gurbin wannan. Na fi karkata ga wannan ra'ayi, ko da yake ban ga amfanin a mai da mai koyo abokin gaba ba. Abin da ke korar matasa daga tsibiran yau rashin aiki ne da tsadar gidaje, waɗanda masu hutu daga waje ke saye. Shi ya sa muhawarar ta sake komawa kan ƙasa. Mazauna tsibirin Eigg sun haɗa kuɗi sun sayi tsibirinsu a 1997, dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba al'ummomi haƙƙin yin haka, mutanen Uist ta Kudu suka bi sawu a 2006. A yau mafi yawan mazauna Tsibiran Yamma suna zaune ne a kan ƙasar da al'umma ta mallaka, shekara fiye da ɗari da hamsin bayan an kori kakanninsu saboda tumaki.